WA IKKILISIYA TAKE AIKAWA SINOD?

Nassi: Ayyukan Manzanni 15:1-35, 6:1-7

Sau ɗaya a shekara, Diyosis na Minna a Ikkilisiyar Angilikan ta Nijeriya yakan kira majalisarsa, wadda aka fi sani da Sinod. Bishop ne ke shugabanta, limamai suna nan, haka kuma wakilan da ikkilisiyoyi suka zaɓo daga cikin masu bi, maza da mata. Akan yi sujada da Jibin Ubangiji, Bishop ya karanta jawabinsa, a saurari rahotanni, a duba lissafin kuɗi, a tsai da shawarwari. A gidaje da yawa, abin da aka sani game da wannan taro bai wuce sabon yadin da aka ɗinka da kuɗin da aka yanka wa kowace ikkilisiya ba. Wannan kuwa hasara ce, gama abin da ake yankewa a kwanakin nan kaɗan yakan bi mutum har ƙofar ɗakinsa: ko za a aika mai bishara ƙauyensu, ko makarantar 'ya'yansa za ta samu rufi, ko gwauruwar fasto za ta kwana da abinci.

Diyosis ɗin kansa a wurin shawara aka haife shi. Taron bishop-bishop na Lambeth a Ingila, a 1988, ya yi kira a keɓe shekarun 1990 domin yaɗa bishara. Babban Bishop Joseph Abiodun Adetiloye bai bar kiran ya kwanta a takarda ba. A 1990 aka buɗe sababbin diyosis takwas na aikin bishara a Arewa: Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurɗi, Yola, Maiduguri da Bauchi. Daga baya Jihar Neja ta samu waɗansu a Bida, Kontagora, Kutigi da Doko. Ashe zaman majalisa yana iya haihuwa, idan waɗanda suka zauna sun san dalilin zamansu.

Luka ya nuna yadda irin wannan zama ya fara. Waɗansu mutane suka gangaro daga Yahudiya zuwa Antakiya suna koyar da cewa ba ceto ga wanda ba a yi wa kaciya ba. Bulus da Barnaba suka ƙi, gardama ta yi zafi, sai ikkilisiya ta aike su Urushalima wurin manzanni da dattawa. A can ma aka yi muhawara mai yawa, Littafi Mai Tsarki kuwa bai ɓoye wannan ba. Saboda haka wakilin da ya tashi cikin ladabi ya tambayi ma'aji inda kuɗin gini ya shiga bai yi tawaye ba. Amanar da aka ɗora masa ce yake riƙewa. Majalisar da kowa ke ɗaga hannu tun ba a gama karanta shawara ba, ita ce abar tsoro.

Amma abin da ya juya taron Urushalima shi ne shirun da aka yi. Bayan Bitrus ya tuna musu yadda Allah ya ba al'ummai Ruhu Mai Tsarki ba tare da bambanci ba, dukan jama'a suka kame bakinsu, suka saurari Barnaba da Bulus, mutanen da suka dawo daga fage da ƙurar hanya a ƙafafunsu. Sai da aka ji su, sa'an nan Yakubu ya yanke cewa kada a ɗora wa al'ummai kayan da ya fi ƙarfinsu.

Jihar Neja ma tana da nata Barnaba da Bulus. A 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kagara, daga baya kuma a Tegina. A yankunan Shiroro, Munya da Rafi, ƙauyuka da yawa sun watse, mutane suka bar doya a gona suka nemi mafaka a Kuta, Gwada da Minna. Mai bisharar da ya binne mutanensa, ya tattara sauran a ajin makaranta yana yi musu addu'ar safe, yana da abin da zai faɗa wa majalisa wanda babu shi a cikin kowane rahoto da aka buga. Sau da yawa irinsa can baya yake zama, Turancinsa bai kai na lauya ba, lokacinsa kuma yakan ƙare kafin ya kai ga zuciyar magana. Idan aka raba wa ikkilisiyarsa kason kuɗi daidai da na shekarun da ake noma lafiya, an ɗora masa karkiyar da Bitrus ya hana.

Batun harshe ma tsoho ne. A sura ta 6, Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenanci suke da su, har da Istifanus da Filibus. A majalisar da Bagwari da Banufe da Bakambare da Bahaushe da Bayarabe da Ibo suke zaune, mai fassara ba ɓata lokaci yake yi ba, ko da zai sa a makara cin abincin rana.

Nan ne maganar ta dawo kan iyali. Ranar da ake zaɓen wakilai, mutane da yawa sukan fice da zarar an sa albarka, a bar mutum goma su zaɓi wanda ya fi mota mai kyau, wai don zai iya kai kansa. Manzanni kuwa mutane masu kyakkyawar shaida suka nema, cike da Ruhu da hikima. Wata yiwuwa mai irin wannan hali uwa ce a zumuntar mata wadda ta san kowane gida da ba a hura wuta ba, ko matashin da ke koyar da yara ranar Lahadi. Idan kuɗin mota ne ya hana, ikkilisiyar da ta iya sayen yadi ta iya biyansa.

Taron Urushalima bai ƙare da addu'ar rufewa ba. Aka rubuta wasiƙa, aka sa sunan Ruhu Mai Tsarki gaba da na manzanni, aka zaɓi Yahuza da Sila su raka ta domin su bayyana ta da baki. Da suka isa Antakiya suka tara jama'a, aka karanta, mutane suka yi murna saboda ƙarfafawar da ke ciki. Wakilin da ya dawo daga Minna da jaka da kalanda yana da wannan bashi a kansa. Lahadin da ke biye, ikkilisiya tana da ikon ce masa ya tsaya a gaba, ya faɗa da harshen da tsofaffi ke ji abin da aka yanke, abin da shi ya faɗa a madadinsu, da amsar da aka ba shi game da 'yan'uwan da ke kwana a ajin makaranta.