Kayan Kiɗa da Tsofaffin Faifai a Gidan Tarihi: Yarda Ce ko Riƙon Shaida?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya shiga Gidan Makama da ke Kano, wato gidan nan da aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau gadon sarauta a 1463, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, zai tarar da kayan kiɗa da na busa an jera su tare da kayan yaƙi da na sana'a. Haka kuma a gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959, akwai ɗaki guda da aka keɓe domin irin waɗannan kaya. A gidajen rediyo da jami'o'i kuwa akwai faifan garmaho da tef-tef masu ɗauke da muryoyin su Ibrahim Narambaɗa, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos wanda ya rasu a 2015. To, abin tambaya shi ne: ya dace al'ummar Musulmi ta kashe dukiya da lokaci wajen tattalin abin da malamanta da yawa suka hana? Kuma wanda ya ajiye abu, shin ya yarda da shi ke nan?

Wajibi ne a fara da faɗin gaskiya game da hukuncin kiɗa shi kansa, domin kada a yi gini a kan rairayi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, magana mafi shahara ita ce hani. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a 996, ta hana mutum ya yi nufin sauraron kayan wargi da waƙe-waƙe. Muhtasar na Shaihu Halilu ya yi rangwame ga bandiri a wajen walimar aure, amma ya tsananta a kan masu tsirkiya, har ya nuna cewa wanda ya saci molo ba a yanke masa hannu sai in itacensa, bayan an karya shi, ya kai nisabi. Ma'ana, a wajen mafiƙihan nan, molo ba ya da wata daraja da ta wuce ta icen da aka sassaƙa shi da shi. A ɗaya gefen kuwa, Ibnu Hazmin na Andalus, wanda ya rasu a 1064, bai ga ingancin hadisan hanin ba, shi kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rataya hukuncin saurare ga halin mai saurare da abin da ake faɗa, ko da yake shi ma ya ware masu tsirkiya da sarewa saboda sun zama alamar mashaya. A nan gida, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin aibobin sarakunan da ya yi wa jihadi, amma ya yarda da buga tambari domin wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta. Saɓani ne tsoho, kuma gidan tarihi ba shi ne zai raba gardamar ba.

Amma fa ko an ɗauki magana mafi tsanani, akwai bambanci tsakanin aikata abu da riƙe shaidarsa. Gogen da ke rataye a bayan gilashi ƙwarya ce da fata da izgar doki, ba ya tara 'yan rawa, ba ya hana kowa salla. Abin da yake yi shi ne ba da labari: ga abin da mutanen wannan ƙasa suka ƙera da hannunsu, ga abin da ya faranta musu rai, ga kuma abin da malamansu suka yi ta faɗa a kai. Ɗalibin da ya karanta kukan da Malam Abdullahi na Gwandu ya yi a cikin Tazyinul Waraƙati, game da mutanen da suka bar manufar jihadi suka koma wa molaye da sarewa da ganguna, ba zai fahimci abin da malamin ke nufi ba sosai sai ya ga kayan da idonsa. Wanda ya karanta a tarihin Kano cewa a zamanin Rumfa aka fara busa kakaki, in ya tsaya gaban kakakin ya ga tsawonsa, zai gane dalilin da ya sa ya zama alamar mulki wadda talaka ba ya kusantarta. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ya ba da labarin cewa an tsirar da gawar Fir'auna domin ta zama aya ga na baya. Babu mai hankalin da zai ce ajiye ta girmama ta ne.

Akwai wata hujja kuma wadda ta fi kusa da almajirai. A zaurukan malamai na Kano da Zariya da Sakkwato, ɗalibin da ya yi nisa a lugga yana karanta waƙoƙin Jahiliyya, ciki har da na Imru'ul Ƙaisi, alhali kuwa cike suke da zancen mata da giya da alfahari. Malaman farko ba su ƙone su ba, sai ma suka haddace su, suka rubuta, suka yi musu sharhi, domin da su ake gane ma'anar kalmomin Larabci, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas yana kafa hujja da su wajen fassara baƙin kalmomin Alƙur'ani. Abul Faraj na Isfahan ya tara Kitabul Agani a ƙarni na 10, littafin da gaba ɗayansa a kan mawaƙa da waƙoƙinsu yake, kuma har yau masana tarihin Musulunci ba su wadatu da barinsa ba. To, Hausa ma harshe ce da ake wa'azi da tafsiri da ita. Kalmomin doki da sirdi da yaƙi da noma da ke bakin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da yawansu samarin yau ba su taɓa jin su ba. Ranar da tef ɗin ƙarshe ya ruɓe, sun tafi ke nan, kuma mai wa'azin gobe zai yi magana da harshen da ya rame.

Sai dai a nan mai tsantseni zai iya tsayar da magana, ya ce: an ji batun goge mai shiru, amma faifai fa? Faifai ba ya amfani sai an kunna shi, in kuwa aka kunna, kiɗan ne da kansa ya dawo, kamar yadda aka yi shi ran farko. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma bai kamata a share ta ba. Tun daga 1877 da Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya, ɗan Adam ya shiga wani hali da magabata ba su san shi ba, wato mutum ya mutu amma muryarsa na nan tana aiki. Da can in makaɗi ya tuba ya rataye kalangunsa, magana ta ƙare. Yanzu kuwa yana iya tuba, ya je hajji, ya rasu, amma waƙar da ya yi yana saurayi tana ta yawo a kasuwa. Daɗin daɗawa, a cikin faifan nan akwai zambo da habaici da aka yi wa mutane da sunayensu, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa suna raye suna ji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu. Akwai kuma kiɗan bori na garaya da goge, wanda kiran iskoki ne tsantsa, ba abin da Musulmi zai saurara domin nishaɗi ba.

Amsar wannan ita ce a rarrabe tsakanin ajiyewa da yaɗawa. Alƙali yana ajiye takardar da aka rubuta ƙazafi a cikinta domin shaida ce, amma ba ya aika sanƙira ya karanta ta a kasuwa. Haka mai kula da gidan tarihi, amana ce a hannunsa, kuma amanar tana da sharuɗɗa. Na farko, ya kiyaye abin da aka damƙa masa daga zafi da laima da ƙura da gara, ya kwafe tsohon tef zuwa na'urorin zamani tun bai lalace ba. Na biyu, ya rubuta gaskiya a jikin kowane abu: wane ne ya yi, yaushe, domin wa, a wane irin taro. In kayan bori ne a ce na bori ne, kada a yi masa kwalliya da sunan al'ada kawai, kada kuma a goge abin kunya domin tarihi ya yi kyau, gama shaidar da aka yi wa aski ta zama shaidar zur. Na uku, ya san wanda zai buɗe wa me: waƙar da ta ci mutuncin wani gida a bar ta ga mai bincike, ba a sa ta a lasifika ga 'yan makaranta ba. Na huɗu, ya kiyaye haƙƙin magada, domin cin guminsu ba tare da izninsu ba zalunci ne ko da a wajen wanda ya halatta kiɗa.

Shi kuma mai ziyara yana da nasa nauyin. Ayyuka da niyya suke. Lokacin da Manzon Allah ya bi ta kufan Samudawa a kan hanyar Tabuka, ya gargaɗi sahabbai da kada su shiga sai suna masu kuka da tsoron abin da ya sami mutanen wurin. Darasin shi ne, yadda aka shiga wuri ya fi wurin kansa muhimmanci. Wanda ya saurari waƙar fada ya lura cewa sarkin da aka wasa, da makaɗin, da 'yan amshi, da maroƙin da ke ƙara gishiri, duk ƙasa ta rufe su, dawakai da rigunan da aka yi kyauta da su sun zama ƙura, wannan ya fita da wa'azi. Wanda kuwa ya je neman abin da zai motsa masa sha'awa, da ma zai same shi a wayarsa ba sai ya je gidan tarihi ba. Wanda kuma ya zaɓi ya tsare kunnensa gaba ɗaya saboda bin maganar Risala, ya yi abin yabo, ba a kuma tilasta masa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya hana al'umma riƙe shaidarta.

Saura magana ga magada, domin a nan ne asara ta fi yawa. Sau da yawa mutum yakan rasu ya bar akwati cike da faifai da kaset, 'ya'yansa su rasa yadda za su yi: su ji tsoron ajiyewa kada alhaki ya bi mahaifinsu, su kuma ji nauyin zubarwa. Abin da ya fi dacewa shi ne kada a yi gaggawa. In mamacin ya bar wasiyya a kan abin da ya mallaka, a bi ta. In bai bari ba, a miƙa wa gidan tarihi ko jami'a bisa sharaɗin da aka rubuta, a yawaita yi masa addu'a da sadaka. Abin da aka ajiye ana iya sake shawara a kansa gobe in ilmi ya ƙaru, amma abin da wuta ta ci babu fatawar da za ta dawo da shi.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya gafarta wa magabata, malamansu da makaɗansu, Ya nuna wa na baya gaskiya Ya ba su ikon bin ta, amin.