Wa Ya Sa Mana Lamba?

Kwanakin baya 'yata, wadda take karatu a Jami'ar Paraku, ta zo gida da wani littafi na Faransanci. Kwana uku ba ta ajiye shi ba, har tuwo ya kama a tukunya. Na ce mata, "Ke, wane irin littafi ne wannan da ya fi cikinmu daraja?" Ta ce, "Baba, zauna in ba ka labarinsa." Ni karatuna bai wuce lakwal ɗin mishan ba, amma kunnena yana aiki, sai na zauna.

Wata Ba'amurkiya ce mai suna Kiera Cass ta rubuta shi a 2012, sunansa La Sélection da Faransanci. Labarin wata ƙasa ce ta ƙage, wadda aka kasa mutanenta kashi takwas. Gidan sarauta su ne lamba ɗaya, marasa galihu lamba takwas. Lambar da aka haife ka da ita, ita za ta faɗi sana'arka da abincinka da wanda ya dace ka aura. Yarinyar labarin lamba biyar ce, saurayinta lamba shida, saboda haka soyayyarsu a ɓoye take. Sai aka zaɓe ta cikin 'yan mata 35 da za su yi takarar auren yarima. 'Yata ta ce irin waɗannan littattafai suna da yawa yanzu, matasa suna karanta su har a cikin waya. Ta ƙara da cewa, "Allah ya rufa mana asiri, Baba, da ba mu zaune a irin wannan ƙasa."

Na yi shiru. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A makon nan ɗin ne wani dattijo na ikilisiyarmu ya zo wurina a kan maganar 'yarsa. Wani saurayi yana nemanta, malamin makaranta ne, mai baftisma, ba ya sha, ba a taɓa jin abin kunya a kansa ba. Na tambayi dattijon ina matsalar take. Ya sassauta murya ya ce, "Malam, mun bincika. Gando ne."

Ga wanda bai san ƙasar Bargu ba, bari in yi bayani. Tun zamanin sarakunan Nikki mutanen ƙasar nan hawa hawa suke. Akwai Wasangari, jinin sarauta da mahaya doki. Akwai talakawan Bariba manoma, akwai Fulani makiyaya, akwai fatake na unguwannin kasuwa irin Zangon Paraku da Wangara ta Jugu. A can ƙasa kuma sai Gando, zuriyar bayin Wasangari da na Fulani. Waɗansunsu ma ba a yaƙi aka kamo kakanninsu ba. A dā, jaririn da haƙoransa na sama suka fara fitowa ana jin tsoronsa, sai a miƙa shi ga Fulani su rene shi, ya tashi yana yi musu bauta. Ku duba fa, haƙori ne ya yanke wa mutum da jikokinsa matsayi.

Mu masu jin Hausa kada mu wanke hannu. Ayarin da suka bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja ba goro da kanwa kaɗai suka ɗauka ba, kasuwar Salaga ta sayar da mutane. Har yau a gidajenmu ana raɗa cewa wane bacucane ne, wance 'yar mahauta ce, gidan su wane makaɗa ne. A Kano, Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, a kan 'yar masu kuɗi da ta so talaka, matasa kuwa suka yi ta rububinsa domin sun ga kansu a ciki. Ashe ƙasar mai lamba takwas ba ta da nisa da Banikanni.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce, me ke 'yanta mutum? Doka ce? Faransawa sun hana cinikin bayi a ƙasashen nan da dokar 1905. Tsarin mulkin Benin na 11 ga Disamba 1990 ya daidaita kowa a gaban shari'a, ba a duban asali ko matsayi. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2002, garin Kalale ya sami magajin gari daga cikin Gando. Wannan duka alheri ne, mun gode Allah. Amma mutumin da za ka zaɓa ya riƙe gari, ka hana shi 'yarka, ka 'yanta shi ke nan? 'Yata ta ce ko a cikin littattafan, bayan da sabon sarki ya soke lambobin, shekara ashirin suka wuce mutane suna ta tambayar juna lambar kakanninsu. A nan marubuciyar ta faɗi gaskiya. Alƙalami yana share lamba a takarda, ta zuciya kuwa sai an sha wuya.

To, soyayya ce za ta 'yanta mu? A nan na rabu da littafin. Yarinya ɗaya ta haye zuwa fada domin yarima ya ga kyanta, lambobin kuma suka faɗi domin zuciyar mutum ɗaya ta karkata. In da bai so ta ba fa? 'Yancin da yake jiran sai mai sarauta ya yi sha'awarka, kyauta ce, mai bayarwa yana iya janye ta. Haka kuma ban ce wa saurayin nan ya ɗauki yarinya su gudu Kwatano ba. In sun gudu, su biyu sun tsira, amma ƙanensa zai tarar da katangar tana nan, har an ƙara mata tubali. Girmama iyaye kuwa umarni ne, ba mu da ikon soke shi don ya yi mana nauyi.

Sai dai umarnin bai ce iyaye ba sa kuskure ba. Sa'ad da Manzo Bulus ya mayar da bawan nan Unisimas wurin maigidansa Filimon, bai ɓoye shi ba, bai kuma yi shiru ba. Ya rubuta wa maigidan, ya roƙe shi ya karɓi bawan kamar ɗan'uwa, ya ce in akwai bashi shi zai biya. Yakubu kuma ya tsauta wa masu ba mai tufafi masu kyau kujera, su bar matalauci a tsaye. Aikin ikilisiya ke nan: ta je wurin mai iko a gidan, ta faɗa masa gaskiya da ladabi, ta kuma ɗauki wani abu daga cikin nauyin. Dattijon nan ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, kada danginsa na ƙauye su ƙi zuwa bikin, kada a yi wa jikokinsa gori. Tsoron nan na gaske ne, wa'azi ɗaya ba zai kore shi ba.

Na koma gidansa da wasu dattawa biyu. Na ce, "Baba, ran Lahadi kai da yaron nan layi ɗaya kuka bi zuwa teburin Ubangiji. In jinin Almasihu bai ƙyamace shi ba, jinin gidanka ya fi wannan tsarki ne?" Muka yi masa alkawari cewa in danginsa sun ƙi zuwa, mu za mu cika rumfar, mu ne za mu tsaya a sunan jikokinsa. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce a ba shi lokaci zuwa bayan girbin doya. Har yanzu muna jira, yaran kuma sun yarda su jira tare da mu.

Da na dawo gida, 'yata ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Baba, in ni ce na kawo shi fa?" Ya ku 'yan'uwa, na buɗe baki in amsa, sai na ji harshena ya yi nauyi. Na tuna da ƙannen mahaifina da abin da za su ce. Daga baya na ce mata in dai mai tsoron Allah ne zan ba shi, amma ta riga ta ga jinkirin. Tun daga ranar, in na durƙusa ina yi wa dattijon nan addu'a, sai in sa sunana kusa da nasa. Ku ma ku bincika, kafin 'ya'yanku su yi muku tambayar. Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta amsa ba tare da jinkiri ba.