Asirin Wa Muke Rufewa?

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22

Idan aka yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe, wanda ya ji labarin kuma ya yi shiru, asirin wa ya rufa?

A shekarar 2022, a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, wani mutum ya yi wa yarinya 'yar shekara 9 fyaɗe har ta ɗauki ciki. Tana da shekara 10 aka kai ta jihar Indiyana, inda wata likita mai suna Caitlin Bernard ta zubar da cikin. Da labarin ya fito, wasu manyan jami'ai suka yi shakkar ko abin ya faru ma. Amma rahoto ya riga ya kai ga hukumar kula da yara da 'yan sanda. Aka kama mutumin a watan Yuli, ya amsa laifinsa, a 2023 kuma aka yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai.

Ita ma likitar ta gurfana gaban hukumar likitocin Indiyana a watan Mayun 2023. Hukumar ta ci tarar ta dala 3,000 don ta ba wata 'yar jarida labarin yarinyar, amma ta wanke ta daga zargin ƙin kai rahoto.

Mu masu bi mun gaskata cewa ran da ke cikin mahaifa na Allah ne, ba mu goyon bayan zubar da ciki. Duk da haka wannan hukunci ya raba mana abu biyu da muke yawan haɗawa. Kare sunan yarinya daga bakin duniya amana ce. Ɓoye laifin mugu daga hukuma cin amana ne. Ciki a jikin yarinya shaida ne cewa wani ya yi mata ɓarna. Asibitin da ya kawar da cikin ya sallame ta ba tare da kai rahoto ba, ya share shaida ne, ya mayar da ita hannun wanda ya cuce ta. Jami'in da ya karɓi ƙara ya ajiye a aljihun tebur, shi ma haka ya yi.

Dubi gidan Dawuda. Amnon ya ɓata Tamar. Absalom ya ce mata ta yi shiru. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ɗansa ba. Tamar ta zauna a kaɗaice cikin baƙin ciki, bayan shekara biyu kuma jinin Amnon ya zuba. Shirun bai warkar da kowa ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan magana ta shafi ikkilisiya. Idan yaro ya buɗe baki ya faɗa maka, ka saurare shi, kada ka tsawata masa. Ka kai shi asibiti, ka sanar da 'yan sanda, ko da mai laifin dattijon ikkilisiya ne ko ɗan gida. Gafara aikin Allah ce ga mai tuba, amma ba ta soke shari'a. Kada kuma sunan yaron ya zama abin hira da sunan roƙon addu'a.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu kunnen jin kukan yara, da ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya. Ka warkar da waɗanda aka ɓata. Cikin sunan Yesu, Amin.