Zoben da Ya Yi wa Yatsa Yawa



A ranar ɗaurin aure, Fada yakan sa wa zobba albarka, ango da amarya su sa wa juna a gaban bagade, zoben kuwa ya zauna daram. Amma shekaru sukan sāke jiki. Ciwo ya zo, ko tsufa, ko yunwa, yatsa ya rame, har zobe ya riƙa zamewa wurin wanki. Da yawa cikinmu mun ga wannan a gidajenmu.

Waɗansu sukan naɗa wa zoben zare. Zaren yakan riƙe na ɗan lokaci, sa'an nan ya sha ruwa da sabulu, ya tara datti, ya ruɓe. Maƙerin zinariya kuwa yakan fara auna yatsan yadda yake a yau. Sai ya yanka zoben ta ƙasa da ɗan zarto, ya cire guntu kaɗan, sau da yawa milimita 2 ko 3, ya haɗa bakin biyu da wuta, ya goge har mahaɗin ya ɓace. Zoben nan ne dai na ranar aure, amma ya bi ta yanka da wuta domin ya zauna a hannun mai shi.

Majalisar Vatikan ta Biyu, a shekarar 1965, ta koyar cewa aure alkawari ne na rai da ƙauna wanda ba a janyewa. Mun yi wa'adin zama tare cikin lafiya da rashin lafiya, cikin samu da rashi. Duk da haka muna jin labarin matar da aka mayar gidan iyayenta domin jinya ta daɗe, da mijin da aka daina gaisarwa tun da aikinsa ya ƙare. An riƙe awon ranar biki, an ƙi karɓar mutumin da ya rame. Waɗansu kuma sun naɗa zare: suna zuwa Misa tare don idon jama'a, a gida ba mai ce wa wani uffan.

Mu tuna da ɗan nan na Bisharar Luka, sura 15, wanda ya komo daga ƙasar yunwa. Babu shakka ya komo a rame. Mahaifinsa bai jira ya murmure ba, nan take ya umarta a sa masa zobe. Haka Allah ya karɓe mu, haka kuma yake so mu karɓi juna.

To, wane guntu za a cire daga namu zoben? Ga wani, girman kai ne. Ga wata, yawan kwatanta mijinta da yadda yake a dā. Ga dangi, bakin da suke sawa su ce a rabu. Yankan yana da zafi, amma alherin da muka karɓa a Aure Mai Tsarki ya isa ya haɗa bakin.

A makon nan, bari kowane miji da mata su zauna, su tambayi juna abin da ya yi musu nauyi. Waɗanda abin ya fi ƙarfinsu su nemi Fada ko Katekis tun zoben bai faɗi ba. Mu kuma ziyarci masu jinyar abokan aurensu, mu ɗauke musu ko da aikin yini ɗaya.

Iyali Mai Tsarki na Nazarat su yi addu'a dominmu. Amin.