Hukuncin da yaro ke yanke wa kansa

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, a nan Matameye akan sami samari da 'yan mata da ke shigewa ɗaki, su rage ci, barci ya ƙaurace musu, ko fada wurin abokai ba su zuwa. Mukan ce lalaci ne, ko raunin imani, ko kuwa iska ce ta taɓa su. Shin mun taɓa tambayar abin da yaron ke gaya wa kansa?

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Albert Ellis, ya fara koyarwa a 1955 cewa abin da ya faru da mutum ba shi kaɗai ke karya masa zuciya ba, har da fassarar da ya yi masa. Yara biyu sun faɗi jarrabawa. Na farko ya ce, "Na faɗi bana." Na biyu ya ce, "Dole ne in ci, tun da ban ci ba ni ba kowa ba ne, kuma ba zan taɓa zama kowa ba." Magana ta farko gaskiya ce, ta biyu kuwa hukunci ne ba shaida, har da da'awar sanin gaibu a cikinta. Wanda ya riƙa maimaita ta dare da rana shi ne damuwa ta fi saurin kayarwa.

Malamanmu sun riga shi da shekara dubu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayani a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa a tanadi tunani nagari lokacin lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida. Ya kuma bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce wannan na biyun daga jiki yake, magani yake bukata.

Abin da ya fi nauyi a kanmu shi ne, daga bakinmu yaro ke koyon hukuncin nan. Uban da ya ce wa ɗansa "ba ka da amfani" saboda ɗan maƙwabci ya ci, ko ya dawo daga Aljeriya da kuɗi, ya mance cewa darajar da Allah Ya ba ɗan Adam ba takardar lakwal ta kawo ta ba. A tsawata kan aikin, kada a soke mutumin. Yaron da ya wuce mako biyu cikin wannan hali kuwa, balle in ya fara ambaton mutuwa, a yi masa addu'a kuma a kai shi wurin likita a ranar.