HAWAN DUTSE: IBADA NE, SHAGALA CE, KO KOMAWA TSAFI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun bayan Ƙaramar Sallah tambaya ɗaya ke ta shigo mini daga samarinmu na Karfi da Malumfashi da Funtuwa: "Malam, mene ne hukuncin hawan dutse don yawon buɗe ido?" Wasu sun je Kufena a Zariya, da suka dawo aka ce musu sun taka wurin tsafi. Wasu iyayen kuma gani suke zaman banza ne ya yi wa yara yawa.

Amsar a taƙaice: asalinsa halal ne. Yana iya zama lada, yana iya zama zunubi, ya danganta da niyyar da ka hau da ita da abin da ka aikata a can.

'Yan'uwa, Allah Maɗaukakin Sarki da kansa Ya tura mu kallon duwatsu. A Suratul Gashiya Ya jera su tare da raƙumi da sama da ƙasa cikin abubuwan da ake son bawa ya tsaya ya duba. A Suratu Faɗir, aya ta 27, Ya ja hankalinmu ga launukansu, fari da ja da baƙi, sai aya ta gaba ta yi maganar malamai da tsoron Allah. Ka ga ke nan sanin dutse ma ilimi ne.

Duwatsun da muke gani nan yankinmu, waɗanda suka ɓullo tsakiyar gonakin masara da auduga, masu tauri ne, irin waɗanda iyayenmu mata ke samun dutsen niƙa daga gare su. Amma a Kalambaina, kusa da Sakkwato, akwai wani iri daban: farin dutse mai taushi wanda ake ƙonawa a yi siminti. Don shi aka kafa kamfanin siminti a wurin a 1962. Idan aka fasa shi, a cikinsa ake tarar da ɓawon katantanwa da ragowar ƙananan halittun teku. Masana ilimin ƙasa sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe yankin, kuma ɓawon halittun nan ne ya yi ta taruwa a ƙarƙashin ruwa, ya danne juna, har ya zama dutse. Subhanallah! Teku a Sakkwato, inda yau zafin rana ke korar mutum cikin ɗaka. Malamin nan Albiruni, kusan shekara 1,000 da suka shige, ya yi irin wannan lura game da hamadar Larabawa, saboda ɓawon halittun ruwa da masu haƙa rijiya ke tonowa. To wanda ya gina masallaci da simintin Sakkwato ya sani, a jikin bangon akwai halittar da Allah Ya raya, Ya ciyar, Ya kashe, Ya ajiye masa tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa. Wanda Ya mai da teku tudu, tayar da ƙasusuwanka zai gagare Shi?

Sai batun tsafi. Gaskiya ne, an yi. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da bautar Tsumburbura a zamanin da Dala ke cibiyar garin, kafin zuwan Wangarawa a mulkin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Dutsen Kwatarkwashi da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau shi ma an san shi da al'adun maguzanci. Amma laifin na dutse ne? Dutse bawan Allah ne mai tasbihi. A kogon Hira wahayi ya fara sauka. A kogon Sauru Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka yi kwana 3 a hanyar hijira. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ya bayyana ƙauna tsakaninsa da dutsen Uhudu, duk da a gindinsa aka kashe baffansa Hamza a shekara ta 3 bayan hijira. Abin da aka hana shi ne ka kai wa dutse buƙatarka: yanka baƙar akuya, zuba nono a kogo, ɗebo ƙasar wurin don neman haihuwa ko kujera. Wannan shirka ce, ko a Kufena aka yi ta ko a ƙuryar ɗakinka.

Saboda haka, ɗan'uwa matashi, in za ka hau, ga ladubba:

Na ɗaya, nemi izinin iyaye, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka tambayi mutanen wurin. Mun san halin da hanyar Tsafe da dazuzzukan Faskari da Ƙanƙara ke ciki. Jefa rai cikin hatsari don hoto ba jarumta ba ce.

Na biyu, raya sunna. Jabir (RA) ya ruwaito cewa Sahabbai in suna hawa kabbara suke yi, in suna gangarowa tasbihi. Nawa ne cikinmu suka san wannan?

Na uku, tafi da ruwan alwala. Kada la'asar ta wuce ka kana neman inda hoto zai fi kyau. Cakuɗuwar samari da 'yan mata, kiɗa da shaye-shaye a bayan dutse kuwa, haramun ɗinsu bai canza ba don an yi nisa da gari.

Na huɗu, ka tuna gidan wasu ka shiga. Rema da kazar dutse a nan suke zaune, ƙudan zuma na saƙa a tsagoginsa kamar yadda Suratun Nahli ta ambata, hano da kukkuki a nan suke tsira. Kada ka cinna wuta, kada ka bar leda da robar lemo, kada ka yi bahaya a inuwar da mutane ke hutawa. Rubuta sunanka da fenti a jikin dutse kuma ɓarna ce. A Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Yaro ɗaya da gwangwanin fenti ya isa ya shafe abin da ya yi ɗaruruwan shekaru.

Ina kuma da magana da manya. Fasa dutse sana'a ce halal, da tsakuwa ake gina asibiti da titi. Amma nakiyar da ke tsaga bangon talaka, da ramin da ake bari buɗe ya cika da ruwan damina yara su faɗa, shari'a ba ta yarda da su ba, domin ƙa'idar fiƙihu ce cewa cuta gusar da ita ake yi. Masu unguwanni da dagatai, kafin ku sa hannu a ba da dutsen garinku, ku tambaya: wa zai cike ramin? Me za a bar wa jikoki? Gona in ta gaji taki na farfaɗo da ita. Dutse kuwa in tifa ta kwashe shi, ya tafi ke nan.

Allah Ya sa mu cikin masu lura da ayoyinSa, Ya tsare mana imaninmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu da hanyoyinmu. Wallahu a'alam.