Wa Ya Tsarkake Ruwan Rotterdam?

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa giyar da ta rikiɗe ta zama khal da kanta ta tsarkaka. Saɓaninsu yana kan wadda mutum ya sa wa hannu: Hanafawa sun halatta ta, Shafi'awa da Hambalawa suka hana. Yau mun san cewa ƙwayoyin bakteriya ne ke wannan aiki a cikin tulun, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Wannan tsohuwar mas'ala ce ke faɗo mini a rai duk lokacin da na karanta yadda ake cire naitirojin daga ruwan masai.

Fitsarin gari cike yake da amoniya. Idan aka sake shi cikin kogi, kifi ya mutu, gansakuka ta rufe ruwa. Tsohuwar dabara ita ce a hura iska cikin tanki, wasu ƙwayoyi su mayar da amoniyar naitiret, wasu kuma a tankin da babu iska su mayar da shi iskar naitirojin, wadda ita ce kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa. A 1977 Engelbert Broda, ɗan Ostiriya, ya lissafa cewa lallai akwai wata halitta mai gajarce wannan hanya. Daga baya aka gano ta a wata masana'anta a Delft ta ƙasar Holan, aka kira aikinta anamoks. Ja ce, kuma a cikinta tana sarrafa haidirazin, sinadarin da ake zuba wa roka.

Nawarta ta fi burge ni. Takan kai kusan mako biyu kafin ta ninku. Injiniyoyin birnin Rotterdam, shi ma a Holan, sun gina mata tanki a 2002, suka daidaita ɗumi da abinci, sannan suka yi zaman jira sama da shekara uku kafin ta kankama. A ganina, wanda iyakarsa ya gyara wuri ya jira ya fi kama da manomi, kuma ba shi ke tsirar da iri ba. Ƙwayar ma ba ta nufin tsarkake kowa, ci kawai take yi. Fiƙihu bai damu da haka ba, tunda gusar da najasa ba ya buƙatar niyya.

A 1978 Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta halatta alwala da ruwan masai da aka tace har launi da ɗanɗano da warin najasa suka gushe. Na yarda da fatawar, amma waɗannan ma'aunai uku na ido ne da harshe da hanci. Naitiret ba shi da launi ko wari, kuma idan ya yi yawa a ruwan sha yana hana jinin jariri ɗaukar iska. Ruwa zai iya halatta ga mai alwala, ya kasance uwa ba za ta dama madara da shi ba sai ɗakin gwaji ya auna.